Asabe da Ramukan Darma

A Agege, cikin Ikko, aka haife ni, a wani dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, rabi Hausawa rabi Yarbawa, ba nisa da layin dogo. Idan jirgin ƙasa zai wuce, kwanukan da mahaifiyata ta jera a kan kabad sai sun yi ta kaɗawa. Babana mahauci ne, tun asuba yake fita abbatuwa, wato mayanka, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, ita ce mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, har Yarbawan layinmu ba su san ta da wani suna ba sai Iya Alakara, wato uwa mai ƙosai.

Da la'asar take hura wuta. Kafin a kira isha'i ƙullu ya ƙare, sai ta sauke kasko ta bar garwashi yana ci a hankali, mu kuma yaran gidan mu kewaye murhun. Ba don sanyi ba, ina Ikko ta ga sanyi. Hayaƙin ne ke korar mana sauro, ga kuma guntattakin ƙosai da ta tara mana a murfin kwano. Ni ke da 'yar kujerar da ke jikin gwiwarta ta dama. Ni ke riƙe mata matsami, ni ke raba guntattakin, kuma ba wanda ya taɓa ja da ni a kan haka, don ni kaɗai ce jikarta mace.

Takan yi mana tatsuniyar kura da zomo kamar kowace kaka, amma ba a nan zuciyarta take ba. Da ta ɗan yi nisa sai ta karkata zuwa garinsu, can bayan Wase, inda ake haƙar darma. Ta ce ramukan sun girmi kowa, sun girmi kakan kakanta. Tun kafin Bature ya san hanyar wurin, mazan garin ke shiga ƙasa da fitilar mai da ɗan gatari su faso dutse, a jawo shi sama da igiya cikin kwando. Mata da 'yan mata su zauna a bakin rafi su farfasa, su wanke, su ware. Mai ƙyallin nan da ke rabewa gida-gida kamar an yanka shi da wuƙa, shi ne kwalli. Fatake su ɗora wa jakuna su yi Kano da Barno da shi, ya ƙare a idon amaren da ba su taɓa jin sunan garin ba. Sauran a narka a sami darma, maharba su yi harsashi, masunta su ɗaura a bakin koma don ta nutse. Daga baya Turawa suka zo da injuna, suka nutsa ramukan har suka taɓo ruwa. Ruwan ya fi ƙarfin injunansu, suka tattara suka tafi, suka bar ƙarafa suna tsatsa a daji. Gari ya watse. Kakanmu namiji ya bi fataucin goro, shi ya kawo su Agege.

Na haddace sunayen ramukan kamar karatu. Ramin Kura, Ramin Mai Iska, Rijiyar Bature. Idan Kaka ta tsaya tana lalubo suna, ni ke cike mata, ta shafa kaina ta ce wa sauran yara, kun ga mai kunne. A ganina garin nan mu biyu muka mallake shi, ni da ita.

Ina shekara goma sha ɗaya aka kawo Asabe. Jikar ƙanwar Kaka ce. Uwarta ta rasu, ubanta kuma ya shiga duniya neman abinci ba a san inda ya yi ba. Kaka da kanta ta dinga aika saƙo ta hannun direbobin motar shanu, har aka yarda aka ba ta yarinyar. Ta iso da 'yar jakar leda ɗaya, siririya, ba ta da yawan magana. Da farko na yi murna, na ce na sami wadda zan nuna wa Ikko.

A yammacin farko, bayan an sauke kasko, Kaka ta juya gare ta ta tambaye ta ko Ramin Mai Iska yana nan.

"Yana nan, Kaka," in ji Asabe. "Amma ɓaure ya tsiro a bakinsa, iskar ba ta fitowa kamar da."

Kaka ta yi wata dariya da ban taɓa jin ta yi ba. Ta shiga jero mata tambayoyi, wane yana raye, tsamiyar bakin rafi fa, har yanzu shanu na mutuwa in sun sha ruwan Rijiyar Bature? Asabe na amsawa da irin Hausar Kaka, da irin jan muryarta, da wasu kalmomin da na ɗauka Kaka ce kaɗai ke faɗinsu a duniya. Da Asabe ta ce Ramin Kura yana gabas da rafi, sai na tsoma baki na ce a'a, yamma yake.

"Bar ta, 'yar Ikko," in ji Kaka. "Ita da idonta ta gani."

Ta daɗe tana ce min 'yar Ikko, musamman in na cakuɗa mata Hausa da Yarbanci, kuma da daɗi nake jin sunan. A ranar ya canja ɗanɗano, don a ranar ta fara kiran Asabe 'yar gida.

Ba wanda ya ƙwace min komai, abin da ya fi ci min rai ke nan. Kujerata tana nan, matsami yana hannuna, ni ke rabon guntattaki. Asabe a ƙasa take zama ta jingina da gwiwar Kaka ta hagu, sai in ga hannun Kaka ya sauka a kanta ya zauna, ita kanta ba ta san ta ɗora ba. Da a ce an hana ni wani abu, da na sami abin kai ƙara wurin babana. To me zan ce? Asabe ta zo da ɗan ƙullin dutsen kwalli da kakarta ta aiko. Kaka ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, sannan ta niƙa da kanta. Ta fara sa wa Asabe, sannan ni. Har yau ina tuna wa aka fara sa wa.

Na shiga neman laifinta ko ta ina. Na ce tana warin ƙauye, na koya wa 'yan layinmu su dinga kwaikwayon maganarta. Ba ta tanka. Ta fi ni iya tsince wake, ta fi ni iya hura wuta, kuma ba don ta nuna min take yi ba, wannan ma ya ƙara min haushi.

Wata uku da zuwanta, mahaifiyata ta aike mu kasuwa tsallaken layin dogo mu auno wake. Asabe ba ta jin Yarbanci ko Turancin kasuwa, ban da gaisuwa. Duk inda muka bi, gefen hijabina take riƙewa. A daidai mararrabar da motocin haya na danfo da 'yan okada da masu dako ke cunkushewa, na ɓanɓare hannunta, na tsayar da ita a jikin bangon wani shago, na ce ta jira ni a nan kada ta motsa, zan leƙa wurin mai barkono in dawo. Na zagaya na auno wake, na bi wani lungu na koma gida ni kaɗai. Na ce cunkoso ne ya raba mu.

Ban yi nufin ta ɓata har abada ba. So nake ta ji tsoro, ta yi kuka, ta san ita ma akwai garin da ba ta sani ba. Amma da na ga yadda gidan ya ruɗe, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Aka aika aka kira babana daga abbatuwa, ya zo da jini a rigar aikinsa. Mazan gidan suka bazu, wasu har Oshodi, don ana tsoron ko ta faɗa danfo ne ba ta sani ba. Suka tambaye ni inda muka rabu, na nuna musu wani gefen kasuwa dabam. Daga azahar har magariba ina zaune ina tsince wake, na san bangon da take tsaye. A ranar Kaka ba ta hura wuta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba. Tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta kalle ni sau ɗaya, kallo mai tsawo, ba ta sake ba.

Bayan magariba wata Bayarbiya mai tallar burodi ta shigo da Asabe a hannu. Ta ce tun rana take wucewa tana ganin yarinya a wuri ɗaya, har ƙafafunta suka gaji ta durƙusa, kuma ta ƙi bin kowa. Abin da yarinyar ta iya faɗa kawai shi ne Iya Alakara, da shi aka yi ta tambaya layi-layi. Da babana ya tambayi Asabe yadda aka yi, sai ta ce ɓata ta yi. Ba ta kalli inda nake ba.

Washegari Kaka ta yi tuyarta kamar kullum. Da ta sauke kasko muka kewaye ta, ta daɗe tana tona garwashi da tsinke kafin ta ce ga wata nan tafe daga nesa. Muka ce ta iso mu ji ta.

Ta ce a garin masu haƙa an yi wasu 'yan mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Babba da Ƙarama. Ubansu na shiga rami, su kuma suna wankin dutse a rafi. Babba ta fi ƙarfi, ta fi sauri, kwandonta ke fara cika. Amma Ƙarama Allah ya ba ta ido. Sai ta bi tarin da kowa ya zubar, ta ɗaga dutse baƙi wuluk ta ce a fasa wannan, a fasa a ga kwalli yana walƙiya a ciki. Fatake suka fara tambayar na Ƙarama da suna. Uban in ya fito daga rami, ita yake fara kira ta duba masa abin da ya faso. Babba tana tsaye da cikakken kwando, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya dake ta, ba kuma wanda ya kira ta.

Akwai wani tsohon rami a bayan dutse, na mutanen da, wanda aka hana kowa zuwa don bakinsa ya ruɓe. Wata rana Babba ta ce wa Ƙarama ta leƙa ciki ta ga kwallin da ba a taɓa ganin irinsa ba, yana ƙyalli kamar taurari, sai dai ita ba ta da idon gane wanda za a ɗauka. Ƙarama ta tafi. Bakin ramin ya zabtare da ita. Ba a gan ta ba wurin cin abincin rana, aka shiga nema, rafi, gona, gidajen dangi. Babba tana zaune tana fasa dutse.

"Tana jin ana kiran sunan ƙanwarta a daji," in ji Kaka, idonta a kan garwashi. "Duk kira ɗaya sai ta ce a ranta, in aka sake kira zan faɗa. A sake kira, ta ce sai na gaba."

Sai da rana ta kusa faɗuwa ta ce a duba tsohon rami. Uban ya sauka da igiya ya ɗauko Ƙarama da rai, amma ƙugunta ya karye, kuma ɗori bai kama daidai ba. Ta tashi da ɗingishi. Aka yi ta tambayarta me ya kai ta, ta ce ita ta kai kanta. Ba ta taɓa faɗa ba, ba ta kuma taɓa yi wa Babba maganar ba, ko su biyu ne a ɗaki. Tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Kullum da safe Babba na tafe rafi tana jin takun ƙanwarta a baya, ɗaya da nauyi ɗaya ja.

Nan Kaka ta tsaya. Wata 'yar maƙwabtanmu ta gaji da jira ta tambaya me ya sami Babba, kura ce ta cinye ta ko ramin ne ya haɗiye ta?

"Ba abin da ya same ta," in ji Kaka. "Ta yi aure, ta bar garin, ta haihu, ta tsufa. Iyakarta ke nan, ku tashi."

Yara suka watse suna gunaguni, suka ce wannan ba tatsuniya ba ce. Ni kuwa kunnuwana zafi suke yi. Na tabbata da ni take, ta tona ni a gaban kowa ba tare da ta kira sunana ba. Kuma zan faɗi gaskiya, ba nadama ce ta fara zuwa min ba. Haushi ne. Ko a cikin tatsuniya, Asabe aka ba ido, ita aka ba haƙuri, ni aka bar min kwando.

Da safe muna layin famfo a tsakar gida, Asabe ta ajiye bokitinta, ta tako har gabana ta wanke ni da mari. Kafin in farfaɗo ta cakume ni muka zube cikin taɓo. Tana duka tana zagina da wasu kalmomin da ko ma'anarsu ban sani ba, tana kuka tana cewa kin ce in jira, na jira, na jira. Mahaifiyata ta taso za ta raba mu, Kaka na zaune tana surfa wake ta ce ƙyale su. Na ƙara wannan a cikin abubuwan da nake riƙe da su. Da muka gaji muka saki juna, Asabe ta share fuska ta cika bokitinta, ta ce in kama mata. Na kama mata. Faɗan nan ne ya sa kowa ya san gaskiya, babana ya yi min dukan da na cancanta da ya dawo, maganar ta mutu.

Daga nan muka fara zama 'yan'uwa, a hankali. Na koya mata Yarbanci, cikin shekara ɗaya ta fi ni iya ciniki da shi, kishin ya sake taso min. Kaka ta rasu ina makarantar koyon aikin jinya. Ba ta taɓa komawa garinsu ba, ba ta kuma sake yin waccan tatsuniyar ba.

Yanzu Asabe na aure a Ojo, mijinta na da shago a kasuwar Alaba. Ita takan je gida lokaci-lokaci, ni har yau ban taka ba. Bara ta dawo daga rasuwar kakarta, ƙanwar Kaka, wadda ta yi tsawon rai sosai, na je yi mata gaisuwa. Ta nuna min ramukan a waya, ruwa kore shar ya cika su, ƙarafan Turawa sun zama jar ƙasa, ga samari sun dawo da ƙananan injunan zuƙe ruwa suna sake haƙa. Muna cikin kallo na tambaye ta ko ta tuna tatsuniyar Babba da Ƙarama. Ta ajiye wayar ta kalle ni da mamaki.

"Bilki, wai har yanzu ba ki sani ba? Kakata ce Ƙarama. Da sanda take tafiya tun tana yarinya."

Ta ce ita tun kafin ta zo Ikko ta san labarin, don kakarta ta faɗa mata a daren da za a sa ta a mota. Kuma kakarta ta ce mata ba yafewa ta yi ba da ta yi shiru, ta yi ne don ta san shirun ya fi duka zafi. Sai da ta tsufa ta gane ta rasa 'yar'uwa a kan haka, shi ya sa da Kaka ta roƙi a ba ta Asabe, ta bayar. Shekara da shekaru suna aika wa juna goro da kwalli, ba wadda ta iya aika magana. Bayan tatsuniyar nan, in ji Asabe, Kaka ta kira ta ɗaki ta ce mata kada ta kuskura ta yi min irin shirun kakarta. Ta ce in duka ne ta dake ni, in zagi ne ta zage ni, amma kada rana ta sake faɗuwa da abin a cikinta.

Abin da ya fara fita daga bakina, ni da 'ya'yana uku, shi ne: ashe ko wannan ma ke kika sani, ni ban sani ba. Na ji kunya, amma na ƙarasa, na ce mata har yau ina kishinta a kan Kaka. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta sani. Ta ce ita kuma shekara nawa ta yi tana kallona ina shiga ɗakin uwata in fito in shiga na ubana, ina zagin 'yan layi da yarensu, tana jin kamar ta shaƙe ni. Ta ce ita garin kawai ta kawo wa Kaka, kuma ko wa aka aiko daga can, haka Kaka za ta rungume shi.

A danfo ina komawa Agege na yi ta juya maganar. Shekaru da yawa na ɗauka darasin shi ne kada in yi kishi, kuma na ɗauka na faɗi, don bai bar ni ba. Yana zuwa min a wurin aiki in aka yabi wata, yana zuwa min a gidan biki, na san takunsa. Kaka ma ba ta ce zai tafi ba. Abin da ta nuna min shi ne tsawon da ke tsakanin azahar da magariba, da yadda mutum ke cewa sai kira na gaba. Yanzu in na ji shi ya taso, nakan buɗe baki da wuri, ko da abin da zai fito ba mai kyau ba ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne wannan. Tsohuwa ta zauna a gaban yaran haya, ta ɗauko mafi munin abin da ta taɓa yi, wanda ko ɗanta bai sani ba, ta shimfiɗa shi a fili. Asabe ba ta buƙatar jin sa, ta riga ta sani. Sauran yara ba su gane komai ba. Mutum ɗaya aka yi wa tatsuniyar nan, kuma ba don a tona ta ba. Kaka ta kalle ni ina tsince wake ta gane fuskar, don ta taɓa sa ta. Na yi shekaru ina ƙirga wa aka fi so, alhali a cikin jikokinta duka, ni ce na biyo ta.